Gani Ya Kori Ji? Daƙiƙoƙin da Kyamarar Lungunmu Ke Zubarwa

 Wannan makon alƙalamin ya faɗo hannunmu, kuma za mu ɗan kauce wa batun salo da ƙa'idar rubutu da muka saba. Maganar wata na'ura za mu yi wadda yawancinmu ba mu taɓa riƙe ta ba, amma jikokinta suna nan maƙale a saman ƙofar shaguna daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai, kuma sun shiga littattafanmu sun yi kane-kane.

Bari mu fara da laifinmu. Da sanyin bara aka ɗauke wayar wani mai shagon kayan masarufi a wani lungu da ba shi da nisa da Jakara. Kafin magariba bidiyo ya shigo zauren WhatsApp na unguwa. Ɗan gajere ne, da waya aka ɗauko shi daga fuskar talabijin ɗin shagon. Ga wani yaro ɗan koyon ɗinki a tsaye gaban kanta, ga waya a kan kanta. Sai kuma ga shi ya juya yana tafiya, kanta babu waya. Mu ma mun kalla, mun yi salati, mun tura gaba. Har da ɗan rubutu muka ɗora a ƙasa, tunda an san mu da iya jera magana. Sai da aka zauna a zauren mai unguwa aka kirawo wanda ya haɗa kyamarar, shi ya sa yatsa a kan agogon da ke kusurwar hoton ya ce, "Ranka ya daɗe, ku dubi nan." Tsakanin hoton da akwai waya da wanda babu, agogon ya yi tsalle na daƙiƙa goma sha tara. Mun kalli bidiyon nan ya fi sau goma, ba wanda ya lura a cikinmu. Bayan mako biyu aka gano wayar a hannun wani daban.

Abin da muke son faɗa ke nan a yau: hoton kyamarar tsaro shaida ne mai giɓi, tun daga ƙirarsa ta asali, kuma duk wanda zai kafa hukunci a kansa, ko a littafi ko a Facebook, wajibi ne ya fara tambayar abin da aka zubar. Don a gane cewa wannan giɓin ba lalacewa ba ce ta na'ura guda, sai mun koma baya kaɗan.

Kyamarar da ke aika hoto ta waya zuwa wani allo na daban ta daɗe. A 1942 kamfanin Siemens ya kafa irinta a Peenemünde ta ƙasar Jamus don injiniyoyi su riƙa kallon harba rokar V-2 daga nesa. A 1966 wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata a Queens ta birnin New York, Marie Van Brittan Brown, ita da mijinta suka nemi a yi musu rajistar wata dabara ta ganin wanda ke bakin ƙofa daga cikin ɗaki, aka ba su a 1969. Sai dai duk waɗannan ido ne kawai. Dole mutum ya zauna ya zuba wa allo ido, in ya yi gyangyaɗi abin da ya wuce ya wuce.

Kaset ne ya ba idon nan ƙwaƙwalwa. Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976. Mu Kanawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan VHS ba. A kansa aka yi Turmin Danya a 1990, a kansa masana'antar fim ɗin Hausa ta tashi, kuma waɗanda suka girme mu kaɗan sun san cinkoson 'yan kaset a Ƙofar Wambai ranar da sabon fim ya fito. To amma kaset ɗin da muka saba da shi, mai lamba E-180, awa uku yake ɗauka. Mai banki ko mai babban kanti yana son a naɗa dare da rana. Lissafin mai sauƙi ne: kaset takwas a kowace rana, da mutumin da zai tashi tsakar dare yana canzawa, da ɗakin da za a jibge su. Ba mai iya wannan.

Sai masu ƙira suka yi dabara. Suka ce tunda zaren kaset ba zai ƙaru ba, bari a rage abin da ake zuba masa. Bidiyon talabijin irin wanda ake amfani da shi a Najeriya yana ɗaukar cikakken hoto 25 a kowace daƙiƙa, wato rabin-hoto 50. Sabuwar rikodar, maimakon ta bar zaren yana gudu, sai ta riƙa jan sa taki ɗaya ta tsaya, ta ɗauki hoto guda, ta jira, ta sake jan sa. Mu kira ta rikoda mai tsallake. In aka saita ta a kan awa 24, kaset na awa uku zai kai yini da kwana, amma hoto shida kacal take ajiyewa a daƙiƙa a maimakon hamsin. In aka saita a awa 72, hoto biyu. Manyan cikinsu suna kaiwa awa 960 a kaset ɗaya. Kwana arba'in ke nan. Mace za ta haihu, a yi suna, ta gama wankan jego, kaset ɗin nan bai ƙare ba. Farashin wannan shi ne hoto ɗaya a kowace daƙiƙa shida da 'yan kai. Ku tashi ku gwada: a daƙiƙa shida mai tafiyar ƙasaita ma zai yi taku goma. Mai gudu kuwa zai shiga lungu ya fita ta wancan bakin, na'urar ba ta san an yi shi ba.

Sannan aka ƙara wata dabarar a kai. Tunda rikoda tana da tsada, sai aka ƙera akwatin da ke raba kaset ɗaya tsakanin kyamarori da yawa, huɗu ko tara ko goma sha shida. Hoton farko na ƙofar gaba, na biyu na wurin karɓar kuɗi, na uku na sito, haka har a zagayo. Kyamara goma sha shida a kan saitin awa 24, kowace sai ta jira kusan daƙiƙa biyu da rabi kafin layi ya zo kanta. A dogon saiti murya ba ta shiga sam. Ga shi kuma ana ta maimaita kaset ɗaya, a goge a sake naɗa, kan injin yana ta gugar sa ba hutawa, har hoto ya koma kamar ana kallon mutum ta cikin hazon Janairu. Masu hankali a cikinsu sukan tanadi kaset 31, ɗaya don kowace rana ta wata. Marasa kula sukan bar guda ɗaya ya shekara.

Su masu ƙirar sun san abin da suke yi, kuma ba su ɓoye ba. Shi ya sa suka sa wata kafa a bayan rikodar: in ƙararrawa ta buga, ko ma'aikacin banki ya taka maɓalli a ƙarƙashin teburi, nan take ta bar tsallake ta koma naɗa komai. Wato sun yarda cewa a sauran lokutan tsintar lokaci kawai take yi. Ciniki ne aka ƙulla da idanu a buɗe: a samu dogon zango, a rasa abin da ke tsakani.

Wani zai ce ai wannan tarihi ne, yanzu wa yake amfani da kaset? Gaskiya ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 na'urar DVR mai faifan ajiya irin na kwamfuta ta fara ture ta, kuma Funai, kamfani na ƙarshe da ya rage yana ƙera rikodar VHS, ya tsaya a 2016. Yawancin 'yan kasuwarmu ma ba su taɓa sayen mai kaset ɗin ba, kai tsaye suka faɗa wa DVR lokacin da ta yi arha, musamman bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 da suka sauya yadda Kano ke kallon tsaro. Kaset ya mutu, amma cinikin da aka ƙulla a kansa yana nan. Faifan ajiya ma yana cika. Mai shago ya ce wa mai haɗawa, "Malam, ina son ta riƙe min na wata guda," alhali ƙaramin faifai ya saya. Mai haɗawa ba zai yi masa musu ba. Zai shiga saiti ya rage yawan hoton da ake ɗauka a daƙiƙa, ya rage kyawun hoton, ko ya saita ta kada ta naɗa sai ta ga motsi. Wannan na ƙarshen shi ya cinye daƙiƙa goma sha tara na yaron unguwarmu. Na'urar ta ga ya tsaya cak yana jiran canji, ta ɗauka ba abin da ke faruwa, ta yi shiru. Kafin ta farka hannun da ya miƙo daga gefe ya riga ya koma. In faifan ya cika kuma, ba ta tambayar kowa, kan mafi tsufa take hawa ta goge.

Mu kuma muna da namu giɓin da injiniyoyin Japan ba su lissafa da shi ba. An ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta minti biyar ya tafi. Batirin inbata ya yi sanyi ƙarfe uku na dare, daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon na'urar ya mutu, sai ka ga kwanan wata ya koma wata shekara da ba a ma buɗe shagon ba. Ƙurar hunturu ta rufe gilashin, gizo-gizo ya yi saƙa a gabansa. Da dare kyamarar tana komawa baƙi da fari da taimakon wani haske da idonmu ba ya gani, kuma a ƙarƙashinsa wani yadin mai duhu fari tas yake fitowa. Wanda ya rantse cewa ɓarawon farar shadda ya sa, wataƙila shuɗiya ce. Ƙari a kan haka, lungunan cikin gari matsattsu ne, dole a kafa kyamara can sama don kada a cire ta, sai ta riƙa ɗauko ƙoƙon hula a maimakon fuska. Bayan duk wannan sai a zo a ɗauki allon da waya, hannu na rawa, a tura ta WhatsApp ya ƙara matse shi. Abin da ya iso wayarmu jikan jikan hoton ne, amma a kansa muke cewa "wallahi shi ne."

Kada a ɗauka mu ne kaɗai muke faɗawa wannan ramin. A ranar 12 ga Fabrairun 1993 aka sace wani yaro ɗan shekara biyu, James Bulger, daga wata cibiyar kasuwanci a Bootle kusa da Liverpool a Ingila, daga baya aka tsinci gawarsa. Kyamarorin wurin sun ɗauko shi riƙe da hannun wanda ya tafi da shi. Hoton ya zagaya duniya, amma dishi-dishi ne, har aka fara neman samari da suka girmi masu laifin, alhali yara ne 'yan shekara goma. A cikin neman an kama wani yaro da ba shi da hannu, aka sake shi, amma sai da iyalinsa suka bar garin saboda barazanar mutane. Abin da ya warware maganar a ƙarshe wata mata ce da ta san ɗaya daga yaran, ta ga hoton a talabijin ta gane shi. Hoton ya taimaka, ba mu musa ba. Amma sai da ya haɗu da idon da ya san mutumin kafin ya zama amfani, kuma kafin nan ya riga ya jawo wa wani gida masifa.

Ga kuma na Amurka. Kyamarar bakin ƙofar ma'aikatar tsaro ta Pentagon, ranar 11 ga Satumbar 2001, kusan hoto ɗaya take ajiyewa a daƙiƙa. Jirgin da ya daki ginin yana cin fiye da mita 200 a daƙiƙa guda. Saboda haka a hoto ɗaya ana ganin wani abu fari-fari a gefe, a na gaba sai wuta. Hotuna biyar da suka fara fita a 2002 ma kwanan watan 12 ga Satumba ne a jikinsu. Fiye da shekara ashirin ke nan mutane suna cusa labaran da suka ga dama a cikin wannan daƙiƙa ɗayar da ba a ɗauka ba, duk da ɗimbin shaidun gani da ido da tarkacen jirgin. In ma'aikatar tsaron Amurka agogon hotonta zai saɓa, ina ga DVR ɗin mai shayin bakin titi?

Wannan shi ne abin da ya fi damun mu a matsayinmu na masu rubutu. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta son giɓi. Ka nuna mata hoto biyu a jere, da kanta za ta ɗinke tsakaninsu, kuma da zaren da ta riga ta mallaka za ta yi ɗinkin. In yaron almajiri ne, mun san labarin da za mu saka. In baƙo ne mai wani harshe, mun sani. In ɗan gidan da muke jin haushi ne, ba sai an faɗa ba. 'Yan fim sun san wannan sarai, da shi suke cin abinci: a nuna fuska, a yanke, a nuna wuƙa, mai kallo ya gama kisan a ransa. Bambancin shi ne a fim darakta ne ya zaɓi inda za a yanke. A kyamarar shago kuwa ƙarancin faifai ne da NEPA suka zaɓa, mu kuma muka karɓa kamar wahayi.

Cikin ganuwa ba baƙon sa ido ba ne. Tun da aka fara ginin ganuwar a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, kowace ƙofa tana da sarkin ƙofarta, a da ana rufewa da dare, ana sanin wanda ya shigo. A cikin unguwa akwai mai unguwa, akwai zaure, akwai dattijon da ke kan dakali tun hantsi, akwai tsohuwar da ke sayar da ƙuli a soro wadda ba abin da ke wuce ta. Ba za mu yi ƙarya mu ce waɗannan shaidun waliyyai ba ne. Suna mantuwa, suna son kai, wani lokaci suna ƙara gishiri. Amma suna da wani abu guda: ana iya titsiye su. Za ka iya cewa, "Baba, lokacin kana nan ko ka shiga alwala?" ya ce ya shiga alwala. Ya faɗi giɓinsa da bakinsa. Kowa kuma ya san tsakaninsa da wanda yake ba da shaida a kansa, sai a auna maganar. Bidiyo ba ya cewa "na shiga alwala." Yana haɗa bakin giɓin ya wuce sumul, sai wanda ya san inda ake dubawa.

To shin cewa muke a cire kyamarori? A'a. Wanda aka taɓa tsare shi da wuƙa aka karɓe masa waya a hanyar Ƙofar Na'isa ko Ɗan Agundi bayan isha'i ba zai saurari wannan maganar ba, kuma yana da gaskiya. Wanda ya rasa ɗan uwa a Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwambar 2014, inda fiye da mutum ɗari suka rasu, yana da haƙƙin ya so a ce kowace kusurwa akwai ido. Birnin ya cika ya batse, dattijon dakali bai san rabin masu wucewa ba yanzu. Kyamara ta sa an kama ɓarayi, ta kuma wanke mutanen da aka so a yi wa sharri. Shi kansa yaron namu, agogon kyamarar ne ya fara buɗe masa ƙofa. Abin da muke ƙi shi ne rabin aiki: a sayi ido a ƙi sayen ƙwaƙwalwar da za ta ishe shi, a ƙi kula da shi, sannan ranar da abu ya faru a ɗauki ɗan guntun da ya tsira a mai da shi alƙali.

Wannan rabin aikin har a sama ana yin sa. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, mafi yawa bashi, don tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori kusan 2,000 a Abuja da Legas. Shekaru kaɗan bayan haka Majalisar Wakilai tana bincike a kan dalilin da ya sa ba sa aiki, a 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. Duk lokacin da muka ji an ce za a kafa kyamarori a titunan Kano, tambayar da ya kamata 'yan jaridarmu su yi ba ta tsaya a "guda nawa" ba. Kwana nawa take riƙewa kafin ta goge? Hoto nawa a daƙiƙa? Wa zai share gilashin a watan Disamba, kuma wa ke riƙe da makullin ɗakin?

Doka ma ba ta ɗauki bidiyo a matsayin abin da ba a tambaya ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura mai ƙwaƙwalwa, sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, a kuma kawo takardar shaida daga wanda ke da alhakinta da ke bayanin yadda aka fitar da shi. Alƙali da rigarsa da karatunsa sai ya tambayi lafiyar na'ura. Mu a zauren WhatsApp ko sallama ba ma jira.

Akwai wani gefen da za mu taɓa a gurguje, don ya isa maƙala guda shi kaɗai. A cikin gari katanga ɗaya ce ke raba gida da gida. Kyamarar da ka kafa don ƙofarka tana kallon ƙofar maƙwabcinka, tana ƙirga wanda ya zo zance wurin 'yarsa da lokacin da matarsa ta fita unguwa. In a kan bene take, har tsakar gidan mutane tana leƙawa. Sau da yawa lambar sirrin na'urar tana nan a wayar yaron da ya haɗa ta. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin ita mun san hukuncin leƙen gidan mutane. Ko kusurwar kyamara ce a ɗan karkatar, a kuma sanar da maƙwabci.

Yanzu mu dawo gida, kan littattafanmu. Ku faɗi gaskiya, sau nawa muka karanta wannan fitowar, ko muka rubuta ta da hannunmu? An yi shafi ɗari uku ana zaluntar amarya. Marubuciya ta gaji, masu karatu a zauren biya suna ta "Anti a ƙarasa mana." Sai Alhaji ya tuna ashe akwai CCTV a kicin. Ya buɗe kwamfuta, ya koma wata shida baya, ga uwargida tana barbaɗa magani a miya, fuska tar, har da muryarta tana faɗin dalilinta. Ya matso da hoton ya karanta rubutun jikin ƙullin. Saki uku, tammat.

Wannan fitowar ƙarya ce ta fuskar na'ura, mun riga mun ga dalili: na wata shida ya daɗe da gogewa, yawancin kyamarorin nan ba sa ɗaukar murya, kuma matso da hoto ba ya ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba, ƙara dagulewa yake. Amma babbar illarta ita ce abin da take koya wa dubban masu karanta mu, cewa in an buɗe bidiyo magana ta ƙare. Su ne gobe za su ga guntun bidiyon wani a Facebook su ɗauki dutse. Muna da hannu a wannan tarbiyyar, ko mun so ko mun ƙi.

Kuma ta fuskar sana'a ma asara muke yi. Labarin yana cikin daƙiƙa goma sha taran nan ne. Ku ɗauki fitowar kicin ɗin ku sake ta. Alhaji ya buɗe, ya tarar na kwana tara kawai ya rage. Ga uwargida ta shiga kicin, ga amarya ta shiga bayanta, aka ɗauke wuta, hoto ya dawo bayan minti huɗu kowa ya fita. Yanzu dole Alhaji ya yanke hukunci da abin da ke zuciyarsa game da matan nan biyu, mai karatu kuma ya gane wane irin mutum ne shi. Hajiya babba za ta kalli bidiyon ta ga abu ɗaya, ƙanwar amarya ta ga wani. Mai haɗa kyamarar da ya san ya rage saitin don ya ci ragowar kuɗin faifai, zai faɗa ko zai yi shiru? Nan akwai babi biyar da ba sai an nemo aljani ko boka ba. Wanda yake son ya rubuta shi da kyau, ya je shagon da ke unguwarsu ya roƙi a nuna masa bayan allon. Ya dubi agogon ya gwada da na wayarsa. Ya tambayi kwana nawa take riƙewa. Zai yi mamakin yawan masu shagon da ba su san amsar ba.

Mu da muka ɗora rubutu a ƙarƙashin bidiyon yaron nan mun je gidansu mun ba mahaifinsa haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Mun rubuta gyara a zauren unguwa, mutum huɗu suka sa alamar sun gani. Yaron bai koma shagon ɗinkin ba, don masu kawo ɗinki sun fara cewa kada a bar musu yadi a hannunsa. Yanzu yana bin wani kawunsa Kantin Kwari. Mai shagon ya sayi babban faifai, an kuma gyara saitin. Bidiyon kuwa, watan jiya wani abokinmu da ke Zariya ya turo mana shi, wai mu ja kunnen 'yan unguwarmu a kan wannan yaron.